Duwatsun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Yaushe baƙo zai je ya dawo a yini guda?

Tun daga shekarar 2025, lokacin da ƙananan hukumomin jihar Katsina masu iyaka da daji suka shiga zaman sulhu da 'yan bindiga ɗaya bayan ɗaya, muhawara ta kaure kan ko zaman lafiya ya dawo. Masu goyon bayan sulhun suna nuni da kasuwannin da suka sake ci da gonakin da aka koma nomawa. Masu suka kuwa suna nuni da hotunan tarukan, inda aka ga 'yan bindiga sun halarta da makamansu a kafaɗa, suka kuma koma daji da su. Kowane ɓangare yana da hujjar da zai riƙe.

Akwai wani ma'auni mai sauƙi da zai iya raba gardamar. Ma'aikacin gwamnati a Katsina ko ɗan kasuwa a Kano ya ɗauki shatar mota ranar Asabar, ya sa iyalinsa a ciki, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora zuwa ɗaya daga cikin garuruwan da ke gindin duwatsun Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, su hau dutse, su ci abinci, su dawo gida kafin magariba. A ƙasashe da yawa irin wannan tafiya ta yini guda sana'a ce da ƙauyuka ke rayuwa da ita. A kudu maso yammacin Katsina, a yau, mai hankali ba zai yi ta da 'ya'yansa ba. Dalilan da suka hana ta su ne ainihin abin da ya rage a warware a yankin.

Abin da yankin ya mallaka

Ƙasar ba ta da tsaunuka masu tsawo irin na Mambila a jihar Taraba ko Obudu a Kuros Riba. Abin da take da shi shi ne manyan duwatsu da fako da suka warwatsu a tsakanin gonaki da dazuzzuka, tun daga yankin Pauwa a Ƙanƙara, zuwa Faskari da Birnin Kogo, har a tsallaka iyaka zuwa Tsafe da Kwatarkwashi a jihar Zamfara. Masana tarihi, ciki har da marigayi Dakta Yusufu Bala Usman wanda aka buga littafinsa kan tarihin Katsina a 1981, sun nuna yadda irin waɗannan duwatsu suka zama cibiyoyin zaman jama'a a ƙasar Hausa. Dutse yana ba da mafaka lokacin yaƙi, gindinsa yana riƙe ruwa, ƙasar da ke kewaye da shi tana da albarka, kafin zuwan Musulunci kuma a nan ake bautar iskoki. Sarautun yankin suna ɗauke da wannan tarihi har yau: hakimin Ƙanƙara shi ne Sarkin Pauwa, na Faskari Sarkin Yamma, na Sabuwa kuma Kogo.

Ban da duwatsu, akwai abubuwan da za su cika yinin mai ziyara. Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa da ake haƙa. Daudawa a Faskari tana da tarihin gonar irin auduga tun zamanin Turawa. Akwai madatsar ruwa ta Mairuwa kusa da Funtuwa, da kasuwannin Sheme da 'Yankara da Ɗandume, inda masara da dawa da waken suya ke fita zuwa sassan ƙasar nan. Daga Sabuwa kuma ana dab da ƙasar Birnin Gwari, inda gandun dajin Kamuku yake, wanda ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1999. Duk waɗannan suna kusa da Funtuwa, wadda hanyoyin Zariya, Kano, Gusau da Katsina suka haɗu a cikinta. Ta fuskar nisa, babu abin da zai hana mutum ya yi sammako daga Zariya ko Kano ya je ya dawo.

Yadda hanya ta rufe

Abin da ya sa duwatsu da dazuzzuka suka zama mafaka ga mutanen da, shi ne ya sa suka zama maɓoya ga 'yan bindiga. Daga dajin Rugu a arewa, zuwa dazuzzukan Zamfara a yamma, zuwa Kamuku da Kuyambana a kudu, mutum zai iya yin doguwar tafiya a kan babur ba tare da ya hau kwalta ba. Ƙananan hukumomin nan uku suna tsakiyar wannan zirin.

A watan Satumban 2019 gwamnan wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya je har Ɗankolo a Sabuwa ya zauna da shugabannin 'yan bindiga. Kafin tsakiyar 2020 ya bayyana cewa sun ci amana, ya janye daga sulhun. A watan Yunin 2020 aka kai mummunan hari Kadisau a Faskari, abin da ya sa 'yan sanda suka sa ladan naira miliyan 5 ga wanda ya taimaka aka kama Ado Aleru. A watan Yulin shekarar rundunar sojin ƙasa ta kafa babban sansani a Faskari. Duk da haka, a daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida. Tun daga ranar sunan garin ya zagaya duniya, kuma da wannan labari aka san shi.

A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a watan Oktoban 2023 da matasa fiye da 1,400, amma hare-hare irin na 'Yargoje a Ƙanƙara a watan Yunin 2024 sun nuna cewa da sauran aiki. Sai kuma zaman sulhun 2025, wanda gwamnatin jihar ta ce al'ummomin ne suka ƙulla da kansu. A taron da aka yi a Faskari a watan Satumban shekarar an ga Ado Aleru, mutumin da aka sa lada a kansa shekara biyar da suka gabata, yana zaune cikin mahalarta. A farkon Fabrairun 2026 kuma harin da aka kai Doma, a cikin Faskarin, ya hallaka mutane da dama duk da yarjejeniyar.

Gwamnatocin Birtaniya da Amurka suna gargaɗin 'yan ƙasashensu da su guji zuwa jihar Katsina. Sai dai gargaɗin da ya fi tasiri shi ne wanda 'yan asalin yankin mazauna birane ke yi wa junansu. Akwai waɗanda suka daina kwana a garuruwansu idan sun je gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, wasu ma sun daina zuwa. Wurin da ɗan gari ke tsoron kwana, baƙo ba zai je shan iska ba.

Darasin Kajuru, Kure da Imlil

Wasu za su ce tafiyar yini guda ba ta da haɗari sosai, tunda ba a kwana. Abubuwan da suka faru a wasu wurare ba su goyi bayan wannan zato ba. A ranar 9 ga Agustan 2020, wasu Faransawa shida ma'aikatan agaji suka bar Yamai da safe domin kallon raƙuman dawa a Kure, tafiyar kusan kilomita 60. 'Yan bindiga a kan babura suka kashe su tare da direbansu da ɗan jagoransu, dukkansu biyu 'yan Nijar. An rufe wurin, 'yan jagorar da ke cin abinci daga masu ziyara suka rasa sana'a. A nan gida, a watan Afrilun 2019 aka kai hari gidan shaƙatawa na kan dutse da ke Kajuru a jihar Kaduna, aka kashe wata 'yar Birtaniya ma'aikaciyar agaji da wani ɗan Najeriya, aka sace wasu mutane. Masu ziyarar sun taso ne daga Legas domin hutu.

A Maroko, ƙauyen Imlil da ke tsaunukan Atlas yana karɓar masu zuwa daga Marrakesh su yini su koma, wasu kuma su wuce hawan tsaunin Tubkal mai tsawon mita 4,167. A watan Disamban 2018 aka kashe wasu 'yan mata biyu, 'yar Danmak da 'yar Norwe, a kusa da ƙauyen. Hukumomi sun kama waɗanda suka aikata cikin kwanaki, kotu ta yanke musu hukunci a 2019, aka kuma wajabta wa mai hawan tsaunin ya tafi da ɗan jagora tare da nuna takardun shaida a shingen jami'an tsaro. Masu ziyara sun ci gaba da zuwa.

Bambancin Kure da Imlil ba ya cikin kyan wurin ko ƙwarewar 'yan jagora. A Imlil hukuma ce ke riƙe da ƙasar, kisan ya zama laifi guda da aka hukunta. A Kure maharan sun zo daga inda hukuma ba ta da iko, suka koma can. Ɗan jagora yana iya kare baƙo daga ɓata hanya, ko santsin dutse, ko saɓa wa al'adar gari. Ba shi da abin da zai yi da mutum ashirin a kan babura.

Ɗan jagora tsakanin amana da zargi

Jagora tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja neman goro yana da madugu, yana kuma da jagaba wanda ya san zango da mashigin kogi da inda ɓarayi ke tare hanya. Hausawa sun ce da ɗan gari ake cin gari. A garuruwan Faskari da Sabuwa akwai mafarauta da makiyaya da masu saran itace da 'yan acaɓa da suka san kowace ƙorama da kowane kogo. A lokacin zaman lafiya wannan sani jari ne.

A halin da ake ciki kuwa, sanin daji ya zama abin zargi. Jami'an gwamnatin jihar sun sha cewa masu kai wa 'yan bindiga bayanai, waɗanda ake kira infoma, suna cikin manyan dalilan da suka sa matsalar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Matashin da aka gani yana shiga daji yana fitowa lafiya, tambayar farko da za a yi ita ce da wa yake hulɗa. Idan ya ɗauki baƙi masu alamar wadata ya kai su kan dutse, aka tare su, shi za a fara kamawa ko da bai san komai ba. Idan kuma ya ƙi sanar da mutanen daji zuwan baƙin, su ma suna iya ɗaukar sa a matsayin ɗan leƙen asirin jami'an tsaro. Duk inda ya juya, ransa ne a kan siraɗi.

Garin da ya karɓi baƙin ma yana da nasa rabon na haɗari. Baƙo raɓa ne, da rana ta yi zai tafi. Idan aka sace shi, mutanen garin ne za su sha samame da bincike da rufe kasuwa. Idan aka ga motoci masu tsada suna shiga garin, su ne za a ƙara wa harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa manoma kafin shuka da girbi. Wannan ne ya sa bai kamata a ɗauki ziyarar a matsayin shawarar mai ziyara shi kaɗai ba.

Rakiyar bindiga da kuɗin wucewa

Hanyoyi biyu ne ake iya bi a yi irin wannan tafiya kafin tsaro ya tabbata, kuma kowace tana da illa. Ta farko ita ce rakiyar jami'an tsaro. Manyan 'yan siyasa da attajirai suna shiga yankin da motocin 'yan sanda gaba da baya. Idan aka mayar da wannan ya zama hanyar kai masu yawon buɗe ido, kowane jami'in da ya raka baƙo kallon dutse an ɗauke shi ne daga hanyar kasuwa ko bakin gona ko ƙofar makaranta. Tsaro zai zama haja da mai kuɗi ke saya na yini guda, manomin da ke kallon ayarin yana wucewa kuma ya fahimci matsayinsa a wurin hukuma.

Ta biyu ita ce neman izinin waɗanda ke riƙe da dajin. A ƙarƙashin sulhu, mai shirya tafiya zai iya aika saƙo ta hannun masu shiga tsakani, a ba da wani abu, a ce a wuce. Fataken da ma suna biyan kuɗin wucewa, amma ga sarakunan da ke da alhakin tsare hanya suke biya. A watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hukuncin a hukumance a Janairun 2022. Saboda haka kuɗin da aka ba su domin a wuce yana iya jefa mai bayarwa cikin tuhumar tallafa wa ta'addanci. Baya ga doka, duk sana'ar da aka gina a kan izinin mai bindiga tana ƙara masa kuɗin shiga da iko, kuma ranar da ya ga dama zai janye izinin. Shugabannin dabobin suna da yawa, alkawarin ɗaya ba ya ɗaure ɗaya.

Kuskuren fara wa da gini

Idan aka sami ɗan sauƙi, gwamnatoci kan so su nuna nasara da babban aiki: otal a kan dutse, ƙofa mai ado, bikin buɗewa. Tarihin ƙasar nan ya isa ishara. Otal ɗin kan dutse na Tiga, wanda aka gina a zamanin Audu Bako, ya daɗe a yashe. Otal ɗin Bagauda ya koma makarantar horar da lauyoyi. Wurin shaƙatawa na Obudu, wanda aka sa wa keken hawa mai tafiya a kan waya a 2005 lokacin Gwamna Donald Duke, ya yi fama da rashin kulawa bayan 'yan shekaru. Waɗannan wurare ba su ma fuskanci irin matsalar tsaron Faskari ba.

Tafiyar yini guda tana da wani alfanu a nan: ba ta buƙatar otal. Abin da take buƙata shi ne hanya mai kyau, layin waya mai aiki, wurin sallah da ban ɗaki, mai dafa abinci, da mutumin da ya san tarihin wurin. Kuɗin da baƙo zai kashe yana shiga hannun direba da ɗan jagora da mai tuwo da mai fura kai tsaye. A kwarin Suwat na Pakistan, inda 'yan Taliban suka ƙona wurin shaƙatawa na Malam Jabba a 2008, sai da sojoji suka ƙwato yankin a 2009, mutanen da suka gudu suka koma gidajensu, sannan 'yan ƙasar suka fara zuwa yawon shan iska. Sabbin gine-gine sun biyo baya bayan shekaru.

Abin da ya kamata ya gabata

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai ayyukan da za a iya farawa tun yanzu, waɗanda ba sa jefa ran kowa cikin haɗari. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar, tare da sassan tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Ahmadu Bello, za su iya tattara tarihin garuruwan duwatsun daga bakin dattawa. Da yawa daga cikin dattawan nan suna gudun hijira a Funtuwa da Malumfashi da Katsina, kuma duk wanda ya rasu ya tafi da sunayen kufai da rijiyoyi da ganuwoyin da ba a rubuta ba. Wannan aiki ba ya jiran sulhu.

Na biyu shi ne tsarin rajistar 'yan jagora ta hannun masu unguwanni da dagatai da hakimai, tare da sanin ofishin 'yan sanda na yankin da ƙungiyar direbobi. Matashin da ke da katin shaida, wanda dagacinsa ya tsaya masa, wanda kuma ake rubuta fitarsa da dawowarsa, ya sami kariya daga zargi, baƙo ma ya san wanda ya damƙa wa amanarsa. Za a iya gwada tsarin a wuraren da ake ziyarta yanzu, kamar hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu a Daura, kafin a kai shi kudu.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne a amince da jerin waɗanda za su riga baƙo. Manomi ne na farko: ya noma gonarsa ta bayan dutse damina biyu ko uku a jere ba tare da ya biya kowa ba. Sai direban haya ya bi hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ko Ɗandume zuwa Sabuwa, bayan la'asar ba tare da jiran ayari ba. Sai malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti da aka tura ƙauye su kwana a wurin aikinsu. Sai 'yan asalin garin da ke birni su kai 'ya'yansu hutun sallah. Bayan waɗannan ne ɗaliban makarantu za su je ziyarar ilimi, sannan baƙon da ya zo kallo kawai.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke sha'awar ganin yankin, ko yake tunanin zuba jari a harkar kai masu ziyara, alamomin da zai duba ke nan. Sanarwar jami'ai da hotunan tarukan sulhu ba su kai su ƙarfi ba. Farashin shatar mota zuwa garin, lokacin da motar ƙarshe ke tashi daga tasha, da ko hakimi da shugaban ƙaramar hukuma suna kwana a garuruwansu, sun fi faɗin gaskiya.

Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun ciyar da birane da hatsi shekara da shekaru, sun kuma biya farashi mai tsada a rikicin da ya shafe fiye da shekara goma. Haƙƙinsu ne a san su da duwatsunsu da tarihinsu da kasuwanninsu, maimakon adadin waɗanda aka kashe ko aka sace. Hakan zai samu ne idan hukuma ta karɓe ikon dazuzzukan da hanyoyin, makamai suka bar hannun waɗanda ke zuwa taron sulhu da su, mutanen garuruwan kuma suka koma gidajensu suka kwana da ido biyu rufe.